GARGAƊI ga masu wasan yaƙi na allo: wani mai "odar kaya daga waje" ya wanke mu a Sakkwato

Salam 'yan uwa. Na daɗe ina jinkirin rubuta wanga abu don kunya, amma jiya naj ji mutumen ya shiga wani guruf da sabon suna, to shiru ya ƙare.

Mu 'yan ƙalilan ne, muna haɗuwa duk Asabat bayan la'asar a shagon wani ɗan uwanmu nan Arkilla, mu shimfiɗa taswira bisa tebur mu yi ta gardama har magariba. Masu wucewa cewa sukai dara ce ta Turawa, wasu su ce manya da wasan yara, mu dai dariya mukai. Wasan yaƙi ne na lissafi, taswirar an raba ta gida-gida masu kusurwa shida kamar saƙar zuma, kowane ɗan kwali da ka aza bisa yana wakiltar bataliya ko birged, da lambobin ƙarfin hari da na tsaro da nisan tafiya a jikinai. Asalin abin ma sojan Furushiya, wata tsohuwar daula a ƙasar Jamus, sunka karɓe shi tun 1824 don horar da hafsoshi. Matsalarmu guda ce, babu mai sayar da kayan nan a kasuwa, sai an yi oda daga Amurka ko Turai, ga dala ga kuɗɗin jirgi ga kwastan. Ta nan ɓarawon yas shigo muna.

A Facebook yaf fara yi ma ɗaya daga cikinmu magana, yac ce shi ɗan Arewa ne mazaunin Legas, shina shigo da kaya, kuma wai shi ma ɗan wasa ne. Wallahi ya iya baki. Ya san sunan GMT Games, kamfanin da ke buga irin waɗannan wasanni, ya san wasansu Twilight Struggle na 2005, har hira yakai kan wasan Advanced Squad Leader yana cewa littafin dokokinai ya fi kundin digiri kauri, wanda duk mai wasan nan ya san haka ne. Munka gwada shi da ƙaramin abu, dayis masu fuska goma da 'yan kwalaben fenti, kwana biyar sai ga saƙo a tasha, kaya masu kyau, direba ya kira munka amsa. To ka ga an ba kaza tsaba ke nan.

Sai yac ce akwai Next War: Poland, wasan GMT na 2017 da ake gwabza NATO da Rasha, da 'yan tankokin wasa na ma'aunin 1:100, samfurin T-72 da Abrams, kuma farashin da yab bayar bai kai rabin abin da ke shafin kamfanin ba. Nan ya kamata mu tsaya. Da munka tambaya mi yas sa arha haka sai yac ce ai ta tsarin P500 yake saye, wai sai an biya kuɗɗi duka yanzu-yanzu kafin a rufe lissafi. Daga baya nab bincika, P500 gaskiya ne akwai shi, mutane na yin rajistar wasa, in oda ta kai 500 sai kamfanin ya sa shi layin bugawa, amma ba su cire ko sisi daga katinka sai kaya sun kusa fita. Wato ya ɗauki abu na gaskiya ya juya shi baibai, mu ko ba wanda yat taɓa saye kai tsaye balle ya gane.

Munka yi karo-karo mu bakwai. Har da Baba, dattijonmu tsohon soja mai ritaya, wanda kuɗɗin fanshonai ne yac cire, shi ne ma abin da ya fi ci min rai. Akawun da yat turo sunan wata mace ne, yac ce matatai ce. Munka tura.

Daga nan labari ya fara. Kaya na Apapa. Kwastan sun riƙe kwantena, a ƙaro kaza na kiliyarin, munka ƙara. Mota ta lalace a Kwantagora. Mahaifiyatai ba lafiya. Sati bakwai muna wanga hali, in ka kira bidiyo ba ya ɗauka, sai ya turo murya yana rantse-rantse da "haba Malam, ni da ku ai an zama ɗaya".

Da munka matsa da maganar 'yan sanda sai ga kwali ya iso. Nan shagon munka buɗe shi gaban kowa. Akwatin hoto ne anka buga a takarda anka manna da gam, gefe guda har ya fara ɗagowa. Taswira kamar an ɗauke ta da waya an kai wurin masu buga fosta, sunayen garuruwa sun dushe, Warso kawai kake iya karantawa da ƙyar. 'Yan kwalayen rundunoni kuwa na asali da inji ake huda su, ka tura da yatsa su fita sumul, kuma gaba da baya duk da bugu, don in runduna ta sha kashi juya ta akai ta koma mai rauni. Nashi almakashi anka sa, wani ya fi wani girma, da naj juya guda sai ga rubutun kwalin taliyar yara a baya. Littafin dokoki babu rabin shafukan, dayis kuma na ludo ne mai fuska shida, alhali da mai fuska goma ake wasan.

Tankokin ne sunka ƙarasa mu. Baba ya ɗauki guda ya sa tabarau, ya ƙirga ƙafafun da ke cikin sarƙa da farce, ya aje. Yac ce "ɗana, wagga ba T-72 ba ce, T-72 shida gare ta kowane gefe, Abrams bakwai, wagga biyar ce, T-55 ce anka canza ma suna." Ga su da warin roba mai hawa kai, suna manne ma hannu, kuma kwana biyu cikin zafin Sakkwato bakin bindigoginsu ya lanƙwashe kamar dafaffar taliya. Da munka tura mai hotuna sai bulokin, duk mu bakwai a dare guda. Hotunan da yake tallar da su ma ashe daga BoardGameGeek, shafin intanet na masu wasan allo, yak kwaso su, na gan su can da idona, har da tabarmar teburin mai hoton.

Ban sa suna ko lamba ba don canza su yakai kamar riga, kuma magana na hannun hukuma, mun kai koke banki da wurin 'yan sanda da duk sikirinshot da rasit. Ku dai lura da salon. Duk wanda yac ce shina da wasa a hannu, ku ce ya kira bidiyo ya buɗe akwatin, ya juya 'yan kwalayen ku ga bayansu, ya rubuta sunanku da kwanan wata a takarda ya aza bisa. Sunan akawu ya zama nashi. In ya ce ku biya P500 gaba ɗaya tun yanzu, ku ce mai sai anjima. In kuma da hali ku bi ta ɗan uwa ko ɗalibi da ke dawowa daga waje, ya fi tsada amma kun san wa za ku riƙe.

Wanda irin haka tat taɓa samu, ko daga Kebbi ko Gusau, ya yi min magana ta inbos mu haɗa shaidu wuri guda. Asabat muna nan Arkilla kamar kullum, tankokin nashi mun shafa musu baƙin fenti, su muke azawa a fili a matsayin waɗanda anka ƙone.