Asibitin ƙashin da ya cire wa ƙanina ƙari a ƙafa, ga yadda na ga aikinsu

Salam jama'a, bari in faɗi abin da muka gani a wani asibitin ƙashi na gwamnati ko Allah zai sa ya amfani wani. Taurari huɗu na ba su cikin biyar, na biyar ɗin layi ne ya hana su.

Ƙanina ɗan shekara 15 ne, wani abu mai tauri ya tsiro masa a ƙasan gwiwa ta gefen waje, a gida ana ta cewa buguwar ƙwallo ce a kai shi wajen mai ɗori. Likitan da ya duba shi wallahi ya burge ni, kafin ma ya kalli hoton ƙashin sai ya ce "yarona ɗaga min tafin ƙafarka sama, to yanzu babban yatsa, taka min da dunduniya", sannan ya juya bayan kati ya zana mana ƙasusuwa biyu na ƙwauri, babban da ke ɗaukar nauyi da siririn da ke gefensa, wanda suke kira fibula. Ya ce cikin duk ƙarin da ke farawa daga ƙashi wajen kashi 2.5 cikin 100 ne kawai ke fitowa a siririn nan, kuma in ya tashi fitowa ya fi son can sama kusa da gwiwa, tsakiya da wajen idon sawu ba su cika samu ba.

Na ce masa ranka ya daɗe cutar kansa ce, wato ciwon daji? Bai ɓoye min ba, ya ce mafi yawa a wajen ba kansa ba ne amma akan samu masu haɗari irin su osteosarcoma da Ewing musamman a matasa, shi ya sa ba zai sa wuƙa ba sai an yi MRI, wato hoton na'ura da ke nuna ƙashi da naman da ke kewaye da shi. Namu osteochondroma ne, tsiron ƙashi mai hular guringuntsi, ba ya yaɗuwa. Matsalar ita ce akwai wata jijiya da ta zagaye wuyan ƙashin daidai wajen, ita ke ɗaga tafin ƙafa, in ƙarin ya danne ta ko aka taɓa ta lokacin tiyata sai ka ga mutum yana jan ƙafa, kuma wannan duk ya faɗa mana tun kafin mu sa hannu a takarda, abin da ya sa na yarda da shi ke nan. Alhamdulillah aiki ya yi kyau, abin da aka cire ma sai da aka kai lab aka tabbatar, yaro yana ɗaga yatsunsa lafiya lau.

Nas-nas ɗin ma ba laifi, masu gashin ƙashi kuwa akwai haƙuri sosai.

Inda suka gaza gaskiya wajen kati ne, ka zo da asuba amma sai azahar a kira ka, ga marasa lafiya da sanduna a tsaye babu isassun benci, abin ba daɗin gani. MRI kuma waje aka tura mu kuma kuɗin ba kaɗan ba, don haka ku tafi da shiri. In kuna da tsohon hoton ƙashi ku riƙo shi, kuma dan Allah kar a bari a tsaga kumburin a ƙaramin asibiti ko kemis kafin likitan ƙashi ya gani, ko naman gwaji ne ma sun fi son a ɗiba a inda za a yi tiyatar.