Gargaɗi ga masu kamun kifin pike, ku kula da wannan ɗan damfara

Jama'a salamu alaikum, musamman 'yan uwa mazauna Ingila da Jamus da suka fara fita fatsa a ƙarshen mako. Akwai wani mutum da ke yawo a guruf-guruf na Facebook yana tallar kifayen yaudara, waɗannan da ake ɗaura wa zaren fatsa, wai na kamfanonin Rapala da Mepps ne orijinal, guda goma a kuɗin da ko biyu ba za su saya maka a shago ba, wai shagonsa ne ya rufe yana karyar da kaya. Wallahi jabu ne, na riƙe su da hannuna wajen wani ɗan uwa da ya saya.

Kwalin kam ya yi kyau, amma kana jefawa a ruwa asiri zai tonu. Rapala na gaske tun 1936 da Lauri Rapala ya sassaƙa na farko a Finland abin da ya sa ya yi suna shi ne yadda yake rangaji kamar ƙaramin kifi mai rauni, abin da pike, kifin nan mai farautar ƙananan kifaye, ke kai wa cafka ke nan, kuma kamfanin sai ya gwada su a tankin ruwa kafin su fita kasuwa. Na wannan mutumin kana ja sai ya kwanta gefe ɗaya ko ya dinga juyawa yana murɗe maka zare, ruwa na shiga cikinsa, fenti na ɓarewa. Mepps ɗin nasa kuwa faifan ƙarfen da ya kamata ya dinga juyawa a ruwa don jawo kifi ba ya ma juyawa sai ka ja da ƙarfi.

Abin da ya fi ƙona min rai ƙugiyoyin ne da wayar da yake haɗawa kyauta. Pike haƙora gare shi kamar tsage, shi ya sa dole a sa waya tsakanin zare da ƙugiya, to wayar tasa da hannu ma sai ta zare daga maɗaurinta, ka ga kifi zai tafi da ƙugiya mai baki uku a maƙogwaro, bai iya cin abinci har ya mutu, wannan ai zalunci ne ga dabba ba asarar kuɗi kaɗai ba.

Sannan sai ya nace ka biya ta PayPal ɓangaren 'yan uwa da abokai, wanda idan aka cuce ka ba su mayar maka da ko sisi, kana yin ƙorafi ya yi bulokin ɗinka.

Mai farawa ba ya buƙatar guda goma. Je shagon kayan su na garinku, ka sayi kifin yaudara na ƙarfe ɗaya da ake kira cokali irin Abu Garcia Toby, Mepps mai girman lamba 5, kifin roba mai laushi ɗaya, mai haske in ruwan mai dauɗa ne, mai kalar kifi in ruwan garau ne, da waya mai kyau. Wanda ya riga ya tura kuɗi ya ɗauki hoton hirarsu ya kai rahoto wa admin da bankinsa yau ɗin nan, don Allah a tura wa sauran.