Mai ja da ƙafar gaba ko mai ja da ƙafar baya: wacce ta fi a dusar ƙanƙara?

Ɗan uwa, na ga tambayarka tun daren jiya. Ka ce ka samu gurbin karatu a Montreal ta Kanada, za ka tafi da iyali, kuma da yake Mercedes C-Class kake hawa a nan Kano, ranka na son ka sayi irinta a can, sai wani ya ce maka mai ja da ƙafar baya ba ta shiri da dusar ƙanƙara. Allah ya sanya alheri, ya kai ku lafiya. Na yi hunturu uku a Kanada, na kuma tuƙa iri biyun, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Hunturunmu ba zai koya maka komai ba a wannan batu. Namu hazo ne da ƙura da faso, titi kuwa a bushe yake ƙamas. Damina za ka tuna. Ka taɓa ganin a-kori-kura babu kaya ta maƙale a lungu cikin laka a watan Agusta? Direba na taka totur, tayoyin baya na ta wulwulawa suna watsa wa mutane taɓo, motar ko gezau. Sai samari huɗu su ɗare bayanta, nan take ta fice. Nauyi ne ya danna tayar ta kama ƙasa, kuma maganar dusar ƙanƙara ma a nan take.

Corolla, Camry, Accord, Golf da Peugeot 406 duk da ƙafar gaba suke ja. Inji da giya suna zaune a kan tayoyin da ke yin aikin, wajen kashi 60 cikin 100 na nauyin motar ke nan, don haka samarin nan huɗu kullum suna kai. Tashi daga danja ko fita daga ƙofar gida bayan dusa ta kwana tana zuba ya fi sauƙi. Idan santsi ya kwashe ta a kwana, hancinta ne zai zarce, kana murɗa sitiyari tana tafiya miƙe. Maganinsa ka ɗaga ƙafa daga totur ka bar tayoyin su sake kamawa, wanda dama shi tsoro zai sa ka yi ko ba a koya maka ba.

C-Class ɗinka, BMW 3 Series, Hiace da tsohuwar 504 tura jiki suke yi daga baya, inji kuma yana gaba. Su idan santsi ya zo, baya ne ke wutsilewa. A nan ne nake jiye maka. Wata safiya a watan Janairu na shiga kwana da motar wani abokina, ban wuce gudun keke ba, na ɗan ƙara wuta kaɗan. Kafin in gama salati motar ta juya, ina kallon inda na fito, ga motar bas ta tsaya cak tana jira na. Allah ne ya tsare, ba iyawata ba. Abin da ya kamata in yi shi ne in juya sitiyari wajen da bayan ya nufa, in sassauta totur a hankali ba tare da na daki birki ba. Na san wannan a ka tun kafin ranar, amma hannu bai sani ba, kuma hannu sai ya maimaita abu sau da yawa yake riƙewa.

Ba wai mai ja da baya ba ta da nata alherin ba. A busasshen titi ta fi daɗin tuƙi, nauyinta ya kusa rabuwa daidai, kuma da kaya a but tana hawa tudu da kyau. Tun watan Satumba na 2011 Kanada ta wajabta wa sababbin motoci na'urar da ke kama birkin taya ɗaya-ɗaya idan mota ta fara juyawa, kuma tana taimakawa ƙwarai. Sai dai na'ura ba ta ƙirƙiro kamun da taya ba ta da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne mutane su tsaya gardamar gaba da baya su manta da tsayawa. Birki tayoyi huɗu yake kamawa a kowace mota, har mai 4Matic, wato Mercedes mai ja da ƙafa huɗu. Mai ja da gaba za ta tashe ka da sauƙi, amma ba za ta tsayar da kai da wuri ba. Taya ce ke wannan aikin. Robar taya irin tamu takan ƙandare idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, ta hunturu kuwa tana nan da laushinta, ga ƙananan tsage-tsage da ke cizon ƙanƙara. Za ka gane ta da tambarin dutse mai kai uku da ƙwayar dusa a ciki. A lardin Quebec, inda Montreal take, doka ce ka sa ta daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Ka sa huɗu cif. Wanda ya sa biyu a gaba don tsimin kuɗi ya mai da Corolla ɗinsa mai wutsil da baya. Ni da a ba ni Corolla da tayar bazara, gara C-Class da ta hunturu. Af, 'yan uwa na gida, irin wannan tayar tana shigowa cikin na hannu da ake sayarwa. Idan kun ga tambarin ku bar ta, zafin Afrilu a Kano cinye ta yake yi.

Da ni ne kai, da mata da yara a bayan mota, hunturun farko Corolla ko Civic zan saya, in bar Mercedes sai hannu ya faɗa. Kafin ka biya, ka sa bakanike ya ɗaga ta ku leƙa ƙasanta, domin gishirin da suke watsawa a titi yana cin ƙarfe. Ranar da dusar farko ta sauka, ka nemi filin ajiye motoci da ba kowa, ka bar iyali a gida, ka yi ta tashi da taka birki da shan kwana a hankali har ka ji yadda take zamewa a ƙarƙashinka.