Wuƙar aljihu ko filaya komai-da-ruwanka: wacce za ka saya, kuma wacce ke tafiya da wacce?

Wani yaron shagona da ya fara samun 'yan kuɗin kansa ya zo min da hotuna biyu a waya. Ɗaya wuƙar aljihu ce mai naɗewa. Ɗaya kuma filayar nan ce da ake ninkewa, wadda aka cusa wuƙa da sukudireba da zarto da magagari a cikin ƙotarta, mu a shago komai-da-ruwanka muke ce mata. Ya ce, "Maigida, wacce zan fara saya? Ko duka biyun ake riƙewa?" Na ce masa kada ya fitar da ko sisi sai ya yi mako guda yana lura da abin da hannunsa yake nema ya rasa. Yanka ne ya fi yawa, ko kamu da murɗawa? Amsar wannan tambaya ita ce rabin cinikin.

Ni aikina haɗa sola ne da gyaran wuta, kuma duka biyun nake ɗauka. Dalilina bai wuce ɗaya ba: wuƙar da na kankare kan batir da ita, na feƙe waya, na yanke robar da ta sha baƙin mai, ba zan juya in fere rake ko in yanka mangwaro da ita ba. Wuƙar cikin filaya ta aikin datti ce, ta aljihu kuwa ta abinci ce da igiya da kwali. Wanda ba ya aikin da ke ɓata ƙarfe, wannan dalili bai shafe shi ba, guda ɗaya ta ishe shi.

Ita komai-da-ruwanka, bakin filayarta ake saye. Sauran kayan cikinta rakiya suka yi. Ko tarihinta haka ya nuna. Tim Leatherman, mutumin Oregon a Amurka, yana yawo a Turai a 1975 cikin wata tsohuwar Fiat da ke yawan lalacewa, da wuƙar aljihu a hannunsa, amma abin da yake rasa kullum shi ne filaya. Sai a 1983 ya fitar da ta farko kasuwa. Wadda ta fi shahara a cikin kayan kamfaninsa, Leatherman, ita ce Wave, wadda ta fito a 1998. Samfurinta na 2018, Wave+, yana da kayan aiki 18, ana buɗe wuƙaƙensa daga waje da hannu ɗaya, haƙoran yanke wayarsa kuma ana iya kwance su a sa sababbi idan sun cinye. Ga mai aikin wuta wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, don haƙoran su ne ke fara mutuwa.

Sai dai nauyinta giram 241 ne, kusan kwatan kilo. A nan ne masu yabon ta a intanet ba sa tuna da mu. Su wando mai bel suke sawa, su rataya kubenta a ƙugu su manta da ita. Mai kaftani da wando mai mazagi ba shi da inda zai rataya. Idan ka jefa ta a aljihun gefe, rigar za ta karkace ɓangare ɗaya, tana bugun cinyarka duk takun da ka yi, ka zo ruku'u ta zame gaba, bayan wata biyu kuma ɗinkin aljihun ya fara buɗewa. Na ga mutane da yawa sun sayi mai nauyi da ɗoki, kafin sati uku ta koma zaman durowa. Skeletool, ita ma ta Leatherman, giram 142 ce, kayan cikinta 7 kacal, ciki har da filaya, abin yanke waya, wuƙa, sukudireba mai canza kai da mabuɗin kwalba. A wurina ita ce iyakar abin da aljihun kaftani zai ɗauka ba tare da ya gaji ba. Wave kuwa gidanta jaka ne, ko ƙarƙashin sirdin babur.

Abu ɗaya da ba na gajiya da faɗa wa yarana: ƙotar waɗannan filayoyi ƙarfe ne zalla, babu robar kariya. Ba a taɓa wayar da ke da wuta da su, ko da "minti ɗaya" ne.

Wuƙar aljihu kuma, abin da ta fi ta cikin filaya da shi ba kaifi kaɗai ba ne, riƙo ne. Ka gwada fere rake guda da wuƙar komai-da-ruwanka, gefen ƙarfen zai cije maka tafin hannu kafin ka kai gaɓa ta uku. Opinel ta Faransa, wadda aka fara ƙerawa a yankin Savoie a 1890, ƙotarta itace ne mai zagaye da ke cika hannu. Lamba 8 ita ce aka fi saye, tsawon ƙarfenta santimita 8.5, nauyinta bai kai giram 50 ba. Tana da zobe a wuya da ake murɗawa ya kulle ta, wanda aka ƙara mata a 1955. Ƙarfenta siriri ne, shi ya sa take ratsa albasa da kilishi da igiya ba tare da an danna ba. Kuma kuɗin Wave ɗaya zai sayi Opinel da yawa.

Tana da nata hali. Itacen yana shan danshi, da damina yakan kumbura ya riƙe ƙarfen har sai ka buga gindin ƙotar a kan benci kafin ta saki. Da hunturu ya shigo sai ta saki jiki ta koma buɗewa da sauƙi. Iri biyu ake yin ta, mai ƙarfen kabon da mai ƙarfen da ba ya tsatsa. Ta kabon ta fi saurin ɗaukar kaifi, ko a gindin kofin tangaran ka wasa ta za ta aske gashin hannu, amma ka yanka lemo ka naɗe ta da jiƙa, da safe za ka tarar da jan tsatsa. Wanda ya san ba zai riƙa goge ta yana shafa mata ɗan mai ba, ya ɗauki mara tsatsa ya huta.

Okapi ba baƙuwa ba ce a kasuwannin Afirka. A Solingen ta Jamus aka fara yin ta a 1902, aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988. Tana da araha, tana da juriya, ƙarfenta na kabon ne, akwai mai zoben da ake ja a baya kafin ta naɗe. Ga gona da kiwo ba ni da abin cewa a kanta. Ga yawon cikin gari kuwa, manyanta sun yi tsawo, kuma siffarsu ba ta ma'aikaci ba ce a idon jami'in tsaro. A garuruwan da daba da ƙwacen waya suka addabi mutane, doguwar wuƙa a aljihun matashi tana iya ja masa kwanan ofishin 'yan sanda kafin a saurari bayaninsa. Wannan ma yana cikin lissafin saye. Filaya a jakar kayan aiki tana faɗin sana'ar mai ita da kanta, haka ma 'yar ƙaramar jar wuƙar Suwizalan. A jirgin sama ko wacce iri ce gara a sa ta a jakar awo, ba ta hannu ba. Mai zuwa Ingila kuma ya sani cewa abin da doka ta yarda a yi yawo da shi ba tare da wani dalili ba shi ne mai naɗewa marar kulli, wadda kaifinta bai wuce inci 3 ba. Opinel mai zobe da yawancin Leatherman ba su shiga ciki.

Ita wuƙar Suwizalan ɗin, ta kamfanin Victorinox da Karl Elsener ya kafa a Ibach a 1884, a tsakiya take, ba ta cika wuƙa ba, ba ta kai filaya ba. Ga malamin makaranta, ma'aikacin ofis, mai shagon tireda, ita nake fara ba da shawara. A lura da bayanta kafin a biya kuɗi. Spartan da Climber suna ɗauke da murɗaɗɗen ƙarfen cire toshiyar kwalbar giya, wanda yawancinmu ba mu da abin yi da shi. Tinker a daidai wannan gurbi sukudireba mai kan kuros aka sa mata, Super Tinker kuma an ƙara mata almakashi. Dukansu tsawon milimita 91 ne. Akwai matsefata 'yar mitsitsiya a gefen ƙota, wanda ƙarangiya ta taɓa shiga ƙafarsa ya san darajarta. Ƙaramarsu, Classic, milimita 58 ce, tana zama a jikin makullan gida, almakashinta ya fi na filayoyi da yawa masu tsada kyau.

Wajen haɗawa, kuskuren da aka fi yi shi ne maimaita abu ɗaya. Mutum ya ɗauki Wave ya ƙara da babbar Victorinox, ya tashi da wuƙa huɗu, almakashi biyu, mabuɗin gwangwani biyu, ga nauyi na banza. Idan filayar babba ce, wuƙar ta zama ƙarfe ɗaya tal irin Opinel. Idan Skeletool ce, wadda ba ta da almakashi, Classic a jikin makulli ta cike gurbin. Akwai kuma hanya ta uku da na fi so ga mai babur da mai gyaran famfo: Tinker a aljihu, sannan 'yar filaya ta gaskiya, irin Cobra XS ta Knipex ta Jamus, mai tsawon milimita 100, wadda ke kama noti har mai milimita 24. Bakin komai-da-ruwanka siriri ne, na kama waya da ƙananan abubuwa, ba a yi shi don notin da ya ci tsatsa ba. Wannan haɗin bai kai nauyin Wave ba, ga shi kana iya riƙe noti da hannu ɗaya kana murɗa sukudireba da ɗayan, abin da komai-da-ruwanka guda ɗaya ba za ta taɓa yi maka ba. Abin da za ka rasa shi ne abin yanke waya.

Sai maganar jabu, wadda ta ci ni sau ɗaya. Na sayi wata mai ɗauke da sunan babban kamfani a farashin da ya kamata ya sa in yi shakka. Wata rana da yamma, a hanyar dawowa daga wani ƙauye, wayar burkin babur ɗina ta saki. Na kama ta da filayar na matse da ƙarfi, sai ji na yi ƙas, rabin bakin ya faɗi cikin yashi. Inda ya karye ɗin fari ne mai tsaki-tsaki kamar garin gero. Tura babur na yi har bakin titi, ana kiran magariba. Tun daga ranar na fi yarda da kayan China masu ɗauke da sunan kansu, irin su Ganzo da Nextool, a kan wanda ya ari sunan wani. Leatherman na gaske yana da garanti na shekara 25, amma aika shi waje daga Kano ko Damagaram ba aikin kowa ba ne, don haka a duba da kyau tun a teburin mai sayarwa. Rufe bakin filayar ka ɗaga ta sama wajen haske, tsinin biyu su haɗu daidai babu giɓi. Girgiza ƙotar hagu da dama, kada ka ji tana wasa. Buɗe wuƙar ka danna bayanta a hankali, ka ga ko kullin zai saki. Idan da ɗan guntun waya a aljihunka, roƙi mai kayan ya bari ka yanka.

Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabar komai-da-ruwanka, don gaɓoɓinta suna da yawa. Kada a cika mata mai, mai da ƙura idan suka haɗu sai su zama kamar kwaɓaɓɓen yashi a cikin gaɓa. Tsohon buroshin haƙori, ɗigon man keken ɗinki ɗaya, a goge ragowar da tsumma. Wuƙar abinci kuwa man ci za a shafa mata, ba na inji ba.

Yaron nawa ya dawo bayan mako guda ya ce yanke waya da kama ƙananan noti sun fi komai yawa a ranarsa, wuƙa kuwa sai lokacin cin rake. Ya ɗauki filaya matsakaiciya ya sa a jakar aiki, Opinel lamba 8 mara tsatsa kuma ya ce sai kuɗin aikin gaba sun shigo.