Dubai zuwa Guangzhou kai tsaye: yadda na ga tafiyar

Tsakanin Dubai da birnin Guangzhou na China akwai tazarar kilomita kusan 5,800 idan aka ja layi miƙaƙƙe ta sama. Wannan ce lambar da shafukan auna nisa ke ba mutum, sai dai jirgi ba wannan layin yake bi ba. Na zuba ido a ƙaramin allon da ke bayan kujera: muka tsallake tekun Oman, muka ratsa Indiya, sannan muka bi ta Bangaladash da Myanmar kafin mu shiga China ta lardin Yunnan. Tsaunukan Himalaya ake kauce wa. Idan iskar cikin jirgi ta samu matsala, dole matuƙi ya sauko ƙasa-ƙasa cikin gaggawa, a kan waɗannan tsaunuka kuwa babu halin yin haka. Sanin wannan ya kwantar mini da hankali ƙwarai.

Zuwa ya ci mana awa 7 da 'yan kai, dawowa kuwa ta haura 8. Akwai iska mai ƙarfi a can sama da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, ita ke tura jirgi wajen tafiya, ta kuma tare shi wajen komowa.

Abin da ya fi shafar matafiyi shi ne agogo. Guangzhou na gaba da Dubai da awa 4, tana gaba da Najeriya da awa 7. Mun tashi da hantsi, muka sauka bayan Isha, wuni guda ya tafi a kan kujera. Ban daɗe da ajiye cokalin abincin rana ba na ɗaga marfin taga, sai ga rana ta yi ja tana shirin faɗuwa. Azahar, La'asar da Magariba suna zuwa ne a jere, kamar ana koro su. Wanda zai yi wannan tafiya ya riƙe alwalarsa tun daga filin jirgi, don banɗakin jirgi ƙarami ne, layi kuma ba ya yankewa bayan cin abinci. Allon yana nuna alƙibla, kuma na yaba wa masu jirgin a kan wannan.

Abinci halal ne, shinkafa da kaza, da zafinsa. Ma'aikatan ba sa gajiya da kawo ruwa. Ƙorafina ɗaya shi ne sanyi: bargon da ake rabawa shara-shara ne, dattijon da ke gefena ma sai da ya ciro rawaninsa ya lulluɓe ƙafafu. A tafi da rigar sanyi a jakar hannu.

Filin jirgin Guangzhou, wato Baiyun, yana arewa da tsakiyar birni da kimanin kilomita 28, kuma layi na 3 na jirgin ƙarƙashin ƙasa yana zuwa har can. Mai kaya da yawa gara ya ɗauki tasi zuwa unguwar Xiaobei, inda 'yan kasuwarmu suka saba sauka, ga gidajen abincin Musulmi a kusa.

Tikitin kai tsaye ya fi na yada zango tsada, amma ni a ganina kuɗin bai tafi a banza ba. Na samu barci cikakke, washegari na shiga kasuwa da ƙarfina. Wanda zai je baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou a Afrilu ko Oktoba ya yanki tikiti da wuri, domin kujerun wannan hanya kan yi wuya a lokacin.