Matakalar hawa jirgi da na ɗaura wa tirelata, ga abinda na gani

Duk wanda yake jan jirgin ruwa a tirela shi kaɗai ya san inda wahalar take, ba a tuƙi take ba, ba kuma a ribas ba duk da shi ma aiki ne, tana wajen hawa da sauka daga jirgin lokacin da yake kan tirela a gangaren ruwa, wato gangaren simintin da ake sauke jirgi cikin ruwa. Sai ka taka wuyan tirelar, ƙarfe ne siriri faɗinsa bai wuce inci 3 ba ga shi a jiƙe, ka kama winci, wato abin naɗe igiyar da ke jawo jirgi kan tirela, da hannu ɗaya ka ɗaga ƙafa har kusan ƙirji kafin ka tsallaka hancin jirgin, takalminka kuma ya riga ya kwaso gansakuka daga siminti. Da ƙuruciya mutum yana yi bai damu ba, amma gwiwa tana fara magana wata rana, kuma ni nawa jirgin gabansa yana da tsayi sosai. Shi yasa na sayi matakala irin wadda ake ɗaurawa a gaban tirela, kuma na jima ina amfani da ita yanzu har ina ganin zan iya faɗin gaskiyarta.

Wadda na ɗauka mai taki uku ce da madafin hannu dogo, ƙarfe ce mai rufin zinki, akwai masu taki biyu akwai masu huɗu, akwai kuma na alminiyon da suka fi sauƙin nauyi. Takardarta ta ce tana ɗaukar nauyin fam 300, wato wajen kilo 136. Ba a huda tirela ba a walda, da ƙusoshi masu siffar U take kama wuyan tirelar ka ɗaure da noti, sifana da tef na awo kawai ake buƙata.

Ɗaurawar kanta ba komai ba ce, abinda ya ci min lokaci shi ne neman wajen da zata zauna, kuma nan ne nake so mutum ya nutsu tun kafin ya biya kuɗinsa. Gaban tirela wuri ne mai cunkoso fa, ga sandar winci ga jak ga safaya taya a wasu, ga sarƙa ga wayar fitilu, in tirelarka mai birki ce ga bututun mansa yana bin jikin ƙarfen, in ka ɗaure ƙusar a kan bututun nan ko a kan waya ka matse to ka sayi matsala wadda ba zaka gane ba sai kana kan titi. Ka fara auna wuyan tirelar, wasu inci 3 da 3 ne wasu 3 da 4, akwai ma 3 da 5, kuma ƙusar da ta yi wa ɗaya ba zata yi wa ɗayan ba. Sannan in ka tura matakalar gaba da yawa wajen mota, duk sanda ka sha kwana mai tsanani ko kana ribas tirela ta karyo, madafin zai iya dukan bayan motar, in a-kori-kura ce kuma ƙofar bayan ba zata buɗu ta sauka ba. In ka ja ta baya da yawa kuma sai ta matse jikin jirgin. Abinda mutane da yawa basa lissafawa shi ne jirgi baya zama yadda ka ganshi a tsakar gida, da zarar tirela ta shiga ruwa bayan jirgin yana tashi ya fara yawo gabansa kuma yana duƙawa ƙasa, to tazarar da ka gani tana da yawa a kan tudu sai ta ragu a gangare. Ni na bar kamar faɗin tafin hannu tsakanin madafin da jikin jirgin kuma bai taɓa gogarsa ba. Kar ka matse notin gaba ɗaya da farko, ka ɗan kama shi, ka haɗa tirela da mota ka gwada kwana hagu da dama wani na duba maka, sannan ka matse.

Na sa ta a gefen direba saboda in na fito daga mota kai tsaye nake zuwa ba sai na zagaya ko na tsallake wuyan tirela ba, sai dai hakan ya sa dole na matsar da jak gaba kaɗan don hannunsa ya samu wajen juyawa.

To amfani fa? Wallahi bambancin ya wuce yadda na zata. Abinda na fi jin daɗinsa ma ba takin ba ne, madafin hannun ne. Kana saukowa daga jirgi hannunka na riƙe da abu tsayayye wanda baya motsi da ruwa, ka juyo kana fuskantar matakalar ka sauko da baya a hankali, ka tsaya a taki na ƙasa ka maƙala ƙugiyar winci a zoben hancin jirgin ka naɗe, ƙafarka bata taɓa ruwa ba in gangaren yana da kyau. Da can sai na kwanta da ciki a hancin jirgin ina miƙa hannu ƙasa ina laluben ƙugiya, ko na yi tsalle na dira a siminti mai santsi, wanda shi ne abu mafi haɗari a duk harkar, mutane da yawa a nan suke gocewa su bugu. Yanzu sauke jirgi ni kaɗai ya zama abu mai sauri, ba na tare wa na bayana hanya. Ko a gida ma tana aiki, lodin kaya, wanke jirgi, cire batir a yi caji, duk hawa da sauka ne da mutum baya ƙirgawa sai ya samu sauƙinsu. Mahaifina da ya daina bina saboda hawan nan yanzu yana hawa da kansa tun jirgi na kan tudu, wannan kaɗai ya isheni.

Amma tana da nata aibin kuma zan faɗa. Na farko notin da suka zo da ita na gama-gari ne, girgizar hanya ta sassauta su tun a farkon fita sai naji matakalar tana ɗan rawa a ƙarƙashin ƙafa, na canja su da noti mai roba a ciki wanda baya kwancewa da kansa, tun daga nan shiru, duk da haka ina taɓa su da sifana lokaci zuwa lokaci. Bai kamata a sayar da abun da mutum zai ɗora rayuwarsa a kai da irin wannan notin ba gaskiya. Na biyu abun hana santsin da ke kan takin manna shi aka yi, kamar takarda mai yashi, rana da ruwa sun fara ɗaga bakinsa. Da zan sake saye zan nemi wadda takinta ƙarfe ne mai hudoji da haƙora, ruwa da laka suna zubewa ta ƙasa kuma babu abinda zai ɓare. Na uku madafin yana ɗan lanƙwasa in mutum mai jiki ya jingina da shi da ƙarfi, bai kai ya tsorata ni ba amma ana ji, kuma don Allah kar wani ya ɗaure igiyar jirgi a jikinsa, ba don haka aka yi shi ba. Takardar bayanin haɗawa kuma hoto ɗaya ne dishi-dishi, da hankalinka zaka haɗa.

Wasu zasu ce ai gara a kai wa mai walda ya ƙera ya liƙa a jikin tirela. Ƙerawa ba laifi in ya iya, liƙawar ce ban yarda da ita ba. Wuyan tirela shi ke ɗaukar duk jijjigar tafiya, huda shi ko ƙona shi da walda yana raunana wajen, kuma rufin zinkin da ke kare ƙarfen daga tsatsa yana ƙonewa, daga nan tsatsa zata fara ci, ga hayaƙin zinki yana sa mai waldar zazzaɓi in ya shaƙa. In tirelar ta alminiyon ce ma ya fi muni don alminiyon yana rasa ƙarfinsa a inda wuta ta taɓa. Mai ƙusa kuwa ko ka canja jirgi ko tirela kwancewa zaka yi ka tafi da abunka. Sai dai mai tirelar alminiyon ya kula, in ƙarfe iri biyu suka haɗu ruwa na shiga tsakaninsu musamman ruwan gishiri, alminiyon ɗin ne yake cinyewa ya yi farin gari, ka sa ɗan falle na roba a tsakani, ka shafa giris a zaren ƙusoshin, kuma ka riƙa ɗauraye wajen da ruwa mai kyau bayan ka dawo.

Akwai maganar nauyi ma, duk abinda ka ɗora a gaban tirela yana ƙara nauyin da ke sauka a kan mahaɗin mota, a tirelar jirgi galibi ana so ya tsaya tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na duka nauyin. A babban jirgi ba zaka ji ƙarin ba, ƙaramar mota da ƙaramar tirela ne ya kamata su duba. Kuma mai ƙaramin kwale-kwale da zai iya ɗaga ƙafa ya shiga daga ƙasa ni bana ganin yana buƙatarta, taki ɗaya a kan wuyan tirela ya ishe shi. Mai jirgi mai dogon gaba, mai fita shi kaɗai, mai ɗaukar yara ko dattawa, su nake cewa su sa, kuma su ɗauki mai madafi ko da ta fi tsada.

In tirela bata haɗe da mota kar ka hau sai ka sa wa tayoyin waigi gaba da baya, don tayar jak tana gangarawa da ɗan motsi kaɗan, kuma yara suna son matakalar nan sosai, suna ganinta zasu hau.