Manjagarar tarakta: sai da na sa mata tayoyi ta iya jigawar Daura

Manjagarar da ake ɗaura wa tarakta ba don irin gonakinmu aka ƙera ta ba. A ƙasashen Turawa aikinta baje tsakuwa a hanya da tsince duwatsu kafin a shuka ciyawar ado. Tawa ta hannu na saya, faɗinta ƙafa 6, haƙoranta lanƙwasassu na ƙarfen sifirin, kowanne ɗaure da noti. Sharar gona nake so ta yi mini a hanyar Sandamu kafin ruwa ya sauka: tushiyar gero, guntayen kara, da ledojin da ke biyo takin bola.

Yadda ta zo, gaskiya ba ta yi ba. Tun wajen ɗaurawa aka fara: fil ɗinta milimita 22 ne, ramin hannun taraktar Massey Ferguson 375 kuwa 28, sai ta riƙa girgiɗi. Wannan mai sauƙi ne, bushi, wato zoben ƙarfe mai cike giɓin, aka zura wa fil ɗin ya zauna daram.

Babbar matsalar ƙasa ce. Jigawa ba ta da taurin da za ta tokare haƙoran, nutsewa kawai suke yi. Ga kuma tsofaffin kunyoyin bara: gaban tarakta na hawa kunya, manjagara ta caka ƙasa, yana gangarawa, ta ɗaga sama ta zubar da abin da ta kwaso. Da na duba tarin da ta kai bakin gona, yashi da kashin awaki sun fi kara yawa. Wato takin da na biya kuɗin amalanke aka kawo, shi take kwashewa.

A ƙofar gida muka yi gyaran da wani mai walda na unguwarmu. Ya fitar da hannuwa biyu na ƙarfe ta bayan haƙoran, ya sa wa kowanne tayar baro a kan bututun da ke juyawa, ya huda ramuka a jere yadda za a ɗaga taya ko a sauke ta da fil. Yanzu tayoyin ke ɗauke da nauyin, kuma da yake a baya suke, kan wurin da aka riga aka share suke tafiya, ba kan kunya ba. Nakan saita su yadda bakin haƙori zai shiga ƙasa kamar gaɓar yatsa ɗaya, ba ƙari. Sandar sama da ke haɗa ta da tarakta kuma muka musanya da guntuwar sarƙa, don manjagarar ta bi ƙasa da kanta. Sai dai a gwada tsawon sarƙar, in ta yi sako-sako ba za ta ɗagu sosai ba in za a hau titi.

Sai haƙoran. Sun yi kusa da juna ƙwarai, shi ya sa yashi ba ya samun hanyar zubewa. Muka kwance ɗaya muka bar ɗaya. Ƙasa da taki suka koma zubewa ta tsakani, tushiya da kara suka tsaya. Waɗanda aka cire ɗin na adana su a buhu, don haƙorin nan ba a kowane shago ake samunsa ba.

A nan muka ɗan yi ja-in-ja da mai waldan. Ya ce, "Alhaji, bari in like su gaba ɗaya ka huta da ɗaurin noti." Na ce a'a, Malam. Ƙarfen sifirin in ya sha wutar walda ƙwarinsa ya tafi, daga bakin likin zai karye. Ya kuma kawo shawarar a ɗora mata guntun ƙarfe don nauyi. Mai ƙasar laka a fadama zai iya buƙata, mu nan nauyin ne ma ya yi mana yawa.

In aka karkata ta gefe ɗaya, sharar takan mirgina ta jeru a layi guda, yara su bi da amalanke su kwashe, a kai wa dabbobi ko a yi makamashi. Wannan ya fi burge ni, domin na daina cinna wa gona wuta.

Abin da har yanzu ba ta iyawa: kututturen sabara da kalgo. Gatari ne maganinsu, in ka matsa mata haƙori zai miƙe. Dogon kara kuma naɗewa yake yi, sai direba ya sauka ya zare da hannu. Tayar baro mai iska ba ta jure ƙayar aduwa, gara mai roba zalla. Kada kuma a ja da baya tana ƙasa, hannuwan tayoyin za su lanƙwashe.

Mai tarakta da gona mai faɗi, in ya same ta da araha ya saya, amma ya ware kuɗin walda da tayoyi tun a lissafin farko. Mai kadada ɗaya kuwa, kuɗin man dizal kaɗai ya ishe shi ya biya 'yan ƙwadago su share masa da manjagarar hannu.